Luguden Wutar Lantarki

Tun ina yaro, ba sai na leƙa tsakar gida nake gane wadda ke kan turmi ba. In gwaggona ce, bugun a natse yake zuwa, da tazara mai faɗi, har kaza kan samu sararin kai baki gindin turmi ta tsinci tsaba ta ja da baya kafin taɓarya ta sake sauka. In kuwa 'yan matan gidan ne suka taru su uku suna lugude, sai ƙarar ta haɗe kamar kiɗa, ana cilla taɓarya sama, ana tafi, ana cafewa. Daga zaure, kunne kaɗai ya isa ya gaya maka ko furar yau da wuri za ta samu ko sai an yi haƙuri.

Wanda ya tsaya ya saurari daka, tambaya biyu zai iya yi. Bugu nawa ake yi a minti guda? Daga wannan bugu zuwa na gaba kuma, wane lokaci ke wucewa? In gwaggo ta yi bugu 30 a minti, to tsakanin bugu da bugu sakan 2 ke nan. 'Yarta mai jini a jika in ta yi 60, tazarar ta koma sakan 1. Yawan ya ninka, tazarar ta rabe biyu. Tambayoyin nan ciki da bayan yadi ɗaya ne. Wanda ya san amsar ɗaya ya san ta ɗayar, lissafin rabawa kawai ya rage masa.

Abin da ake koya wa ɗaliban lantarki a makarantun sana'a da kwalejojin fasaha da sunan firikwensi da firiyod, wanda da yawansu ke haddacewa su juye a takardar jarrabawa su manta, shi ne wannan da kowace mai daka ta sani a dantsenta. Ni a nan zan kira na farko yawan bugu, na biyu kuma tazarar bugu.

Wutar batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwa a magudana, ta fita ta wannan kai ta koma ta wancan. Wutar Nepa da ta janareta kuwa kai-komo take yi, ita ce masu gyara ke ce wa AC. Takan taso daga babu ta hau har ƙololuwa, ta sauko ta koma babu, sannan ta juya ta yi haka nan ta ɗaya ɓangaren, ta dawo inda ta faro. Zagaye ɗaya ke nan, daidai da ɗaga taɓarya da sauke ta. A Najeriya da Nijar ana yin wannan zagaye sau 50 cikin sakan ɗaya. Ma'aunin sunansa haz, an samo shi daga sunan Heinrich Hertz, masanin nan na Jamus da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a wajen 1887, ya kuma rasu a 1894 yana ɗan shekara 36. Shi ne dai haz ɗin da muke ji kullum in mai gabatar da shiri ya faɗi megahaz ɗin tasharsa, sai dai can bugun miliyoyi ne a sakan. Ka raba sakan ɗaya gida 50, za ka samu milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na sakan. Ita ce tazarar bugun wutarmu. Kafin ka ƙifta ido ka buɗe, ta yi zagaye biyar ko fiye.

Ban taɓa ɗaukar wannan lissafi da muhimmanci ba sai da injin jan ruwan gidanmu ya ƙone sau biyu a rani guda. Kowane karo sai an kai shi wurin mai naɗa kwayil, a biya kuɗi masu kauri, yara su yi kwana uku suna bin 'yan garuwa. Mai gyaran janaretanmu ya zo ya sa mitarsa, ta nuna bolt 225, ya ce wuta lafiya lau, injin ruwan ne maras ƙwari. Wani maƙwabcina ne ya ce in gwada wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a cikin kasuwa, wai yana da na'urar da ke nuna wuta ƙuru-ƙuru. Muka ɗora janaretan a a-daidaita-sahu muka tafi.

Na'urar wani akwati ne mai nauyi, da gilashi a gaba wanda bai fi tafin hannu biyu ba. An zana gilashin gida-gida kamar gurabun dara, gida 10 a kwance, 8 a tsaye. Sunanta osiloskof. Da ya kunna, ta ɗan jima tana ɗumi, sannan wani koren ɗigo ya bayyana yana tafiya daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe ya ɓace ya sake ɓullowa a hagu. Dattijon ya murɗa wani mamurɗi, ɗigon ya ƙara sauri, ya ƙara, har ya zama miƙaƙƙen layi.

Ya ce, "Ɗana, ka taɓa zama gaban tela yana ɗinkin zigizag?"

Na ce, "Sosai ma, Baba."

"To in ya riƙe yadin ya hana shi tafiya, me allura za ta ɗinka?"

Na ce zaren zai taru wuri ɗaya ya yi ƙulli.

"Shi ke nan, ka gane na'urar."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma har yau ban ji bayanin da ya fi ta ba. Allurar keken dama da hagu kawai ta sani, ba ta gaba ba ta baya. Haƙoran da ke ƙarƙashi ne ke jan yadi da gudu ɗaya tak, sai kai-komon allurar ya shimfiɗu a kan yadin ya zama zane mai hawa da sauka wanda za ka iya ɗora tef a kai ka auna. In ka san gudun da yadi ke tafiya, tsawon kowane haƙorin ɗinki zai gaya maka lokacin da allura ta ɗauka kafin ta je ta dawo. A osiloskof yadin ne a tsaye, allurar ce ke tafiya. Na'urar na jan ɗigon daga hagu zuwa dama da gudun da ka zaɓa, wutar da kake aunawa kuma na tura shi sama da ƙasa. Aikin akwatin nan gaba ɗaya shi ne ya shimfiɗa lokaci kamar yadi, yadda ido zai iya auna shi. Akwai mamurɗi biyu da suka fi kowane amfani, kuma duk biyun akwai 'yan'uwansu a keken tela. Ɗaya na faɗin milisakan nawa kowane gida na kwance ya ƙunsa, kamar abin da tela ke taɓawa in yana so ɗinki ya yi tazara ko ya matse. Ɗayan na faɗin bolt nawa ne kowane gida na tsaye, kamar abin ƙara faɗin zigizag. Tushen wannan fasaha kwalbar da Karl Ferdinand Braun ya ƙera ce a 1897, ita ce kuma kakar talabijin ɗin nan mai ƙeya da muka taso muna kallo.

Kafin ya jona komai, dattijon ya ɗauko wata ƙaramar taransifoma da ya cire daga tsohuwar rediyo, mai sauke wuta zuwa bolt 12. Ita ya jona wa janaretan, sannan ya ɗora tsinken gwajin na'urar a bakinta na fita. Ina so duk yaron da zai karanta wannan ya riƙe dalilin da kyau, domin nan ne ake rasa na'ura, wani lokaci har da rai. Tsinken gwajin yana da wani ɗan maƙali mai bakin kada, kuma a yawancin osiloskof na kan tebur, wannan maƙali a haɗe yake da jikin akwatin da kuma wayar ƙasa ta soket. In ka maƙala shi a waya mai wuta, ka haɗa wuta da ƙasa kai tsaye ke nan, sai tartsatsi da ƙauri. In kuma wayar ƙasan a yanke take, kamar yadda take a shaguna da yawa, to jikin akwatin ne zai ɗauki wutar yana jiran hannunka. Wutar da muke cewa bolt 230 kuma, a ƙololuwarta takan kai kusan 325. Taransifoma ta raba ka da duk wannan, kuma ba ta ɓata awon, domin ƙarfin bugu take ragewa, ba ta taɓa yawansa. Mai jin daka daga bayan katanga a hankali yake jin sautin, amma bugu 30 ne dai zai ƙirga, kamar wanda ke tsaye gaban turmin.

Muka tayar da janareta. Nan take layin ya rikiɗe ya zama tuddai da kwaruruka, amma suna gudu a kan gilashin, suna hawa kan juna, ba abin da ido zai kama. Ya taɓa wani mamurɗi na uku, sai zanen ya tsaya cak kamar an kafe shi da ƙusa. Wannan ma ina ganin mai lugude za ta fi kowa saurin gane shi. Wadda za ta shiga daka ta samu biyu sun riga sun fara ba ta jefa taɓaryarta haka kawai. Takan tsaya da ita a sama tana kallon ta 'yar'uwarta, sai ta ga ta taso daidai wani wuri sannan ta saki tata, kuma kowane karo a wannan wurin take saki. Haka ɗigon yake yi. In ya gama layi ɗaya ya koma hagu, sai ya dakata har wutar ta kai wani matsayi tana hawa, sannan ya tashi. Tunda kowane layi daga wuri ɗaya yake farawa, sai ya kwanta daidai kan na baya, ido ya ga kamar zane ɗaya ne a tsaye. Masu sana'ar tiriga suke ce masa, kuma ya yaɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu, musamman da na'urar da kamfanin Tektronix na Amurka ya fitar a 1947.

Sai aka zo awo. Ya sa mamurɗin lokaci a kan milisakan 5 kowane gida. Ya ce in wuta na kan 50 daidai, zagaye ɗaya gida 4 zai ci, domin 4 sau 5 ashirin ne. Ya matsar da zanen har inda layin ke ratsa tsakiya yana hawa ya zauna kan layin farko na hagu, ya miƙo min tsinken ashana ya ce in ƙirga zuwa inda ya sake ratsa tsakiya yana hawa. Na ƙirga gida huɗu, na ga da saura. Kowane gida an tsaga shi da ƙananan zane gida biyar, sauran ya ci uku daga ciki. Gida 4.6 ke nan. Sau 5, milisakan 23. Ya ɗauki biro ya raba 1,000 da 23 a bayan kwalin batir, ya samu 43 da rabi.

Na tambaye shi me ya sa ba mu auna daga kan tudu zuwa kan tudu ba, ai ya fi sauƙin gani. Ya ce saman tudun a kwance yake, kamar lokacin da taɓarya ta kai sama ta ɗan tsaya, ba ka iya nuna wuri ɗaya ka ce nan ne daidai. A tsakiya kuwa layin a tsaye yake ratsawa, ba gardama. Ya kuma gargaɗe ni da kuskuren da ya ce kusan duk yaron da ya koya wa sai ya yi: ya auna daga inda layi ya ratsa tsakiya yana hawa zuwa inda ya ratsa yana sauka, ya samu gida 2, ya ce wutar Nepa 100 ce. Rabin zagaye ya auna. Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, kuma tazararta daga Juma'a ce zuwa Juma'a, ba wanda zai tsaya a Litinin ya ce mako ya cika.

Bai yarda da awo ɗaya ba. Ya mayar da mamurɗin kan milisakan 10, zagayen suka matse, muka ƙirga guda huɗu a jere suka ci gida 9.2, wato milisakan 92, a raba huɗu a sake samun 23. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ta gida ce. Ba ka iya auna nauyin ƙwayar gero ɗaya a sikelin kasuwa, amma in ka auna mudu ka san yawan ƙwayoyin ciki, ka gama. Kuskuren idonka na ɗan zane guda, in ya rabu kan zagaye huɗu ko biyar, ya zama ba komai ba. Mudun ma sai an tabbatar ba lotsattse ba ne. A gaban na'urar akwai wani ɗan ƙarfe da ke fitar da bugu 1,000 a sakan domin gwaji. Ya taɓa shi da tsinken, a kan milisakan 0.2 zagayen ya ci gida 5 cif, milisakan 1 ke nan. Na'urar tsohuwa ce, amma ba ta ƙarya.

To me ya jawo 43 da rabi? Ƙaramin janareta irin namu, kowane juyi ɗaya na injin zagaye ɗaya ne na wuta. Kafin a samu 50 a sakan, dole injin ya juya sau 3,000 a minti. Manya masu maganaɗisu huɗu su kan 1,500 suke tafiya. Namu kuwa lissafi ya nuna wajen 2,600 yake yi. Nan na tuna cewa da mai ya yi tsada ni da kaina na ce a rage masa gudu ya daina shan fetur, aka sassauta kusar gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, ƙararsa ta yi laushi, kowa ya ji daɗi. Janaretan yana da wata 'yar na'ura a ciki mai riƙe bolt kada ya faɗi, ita ta ci gaba da aikinta, shi ya sa mitar mai gyara ta nuna 225. Mitar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta faɗa. An tambaye ta ƙarfin bugu, ba a tambaye ta yawansa ba. Shi kuwa injin ruwa, kwayil ɗinsa an naɗa shi ne don kowane turi na wuta ya ɗauki milisakan 10 ya juya. In turin ya daɗe fiye da haka alhali ƙarfinsa bai ragu ba, ƙarfen cikin yakan ƙoshi da maganaɗisu, kwayil ya shiga zuƙar wuta fiye da kima yana zafi. Ga shi kuma injin a hankali yake juyawa, 'yar fankar da ke sanyaya shi ma ta rage gudu. Abin da na tsimi a fetur bai kai rabin kuɗin naɗin kwayil ɗaya ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yawan masu gyaran janareta da ke saita gwamna da kunne kawai, sannan su duba bolt su ce an gama. Ba sai kowa ya mallaki osiloskof ba, mitoci da yawa na hannu yanzu suna da wurin auna haz, ba a dai murɗa su zuwa can. Sababbin osiloskof masu allon kwamfuta su ma da kansu suke rubuta adadin a gefe. Duk da haka ina ganin yaron da bai taɓa ƙirga gidaje da tsinke ba bai kamata a bar shi ya dogara da wannan adadi ba, domin in wutar na da datti, mai ƙananan haƙora a jikin zanen, na'urar kan ƙirga haƙoran ta ba shi lambar banza, shi kuma ba shi da abin da zai ƙaryata ta da shi. Gilashin kuma na nuna abin da lamba ba ta faɗa. Inbata mai araha na iya ba ka 50 daidai, amma ka ɗora ta a na'urar ka ga zanen matakala ne mai kusurwa maimakon tudu mai santsi, sai ka gane dalilin da fanka ke gurnani in an sa ta a kai.

Wutar ƙasa baki ɗaya ma kan wannan ƙa'ida take. Injinan Kainji da Jebba da Shiroro da na tashoshin gas duk a turmi ɗaya suke daka, bugunsu ɗaya, kuma cibiyar kula da wutar ƙasa da ke Osogbo ido take sa wa wannan lamba dare da rana. In masu jan wuta suka fi abin da ake samarwa, injinan kan yi nauyi, lambar ta sauko ƙasa da 50. In aka sauke lodi ta hau. Ko kaɗan ne bambancin, yana taruwa. A farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa wutar yawancin ƙasashen Turai ta zauna a kan 49.996 na makonni, agogunan da ke ƙirga lokaci da bugun wuta suka yi lattin kusan minti shida. Amurka da Saudiyya kuwa kan 60 suke, tazararsu milisakan 16.7. Agogo irin wannan in an yi shi don 60 aka kawo shi nan, minti 50 zai ƙirga a kowace awa, injin da aka yi don can shi ma gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Mai sayen kayan gwanjo ko alhajin da zai yi tsarabar abu mai inji, ya dace ya juya bayansa ya karanta ko an rubuta 50, ko 60, ko duka biyun. Wayoyi ukun nan masu wuta da ke kan falwaya kuma lugude ne na gaske: kowace tana bugu 50 a sakan, amma kowace tana bin bayan 'yar'uwarta da sulusin zagaye, kusan milisakan 6.7, yadda ba a taɓa barin turmin ba taɓarya a ciki.

A shagon kuwa, dattijon ya mayar da mamurɗin lokaci kan milisakan 5, ya ɗauko sukudireba ya durƙusa gefen janaretan, ya ce in sa ido a gilashi in gaya masa. Yana ɗaure kusar, ƙarar injin na tashi, tuddan na matsowa kusa da juna. Da zagayen ya kai gida 4 na ce, "Baba, ya yi." Ya ce a'a, ba lodi a kansa yanzu, sai an ɗan wuce. Ya ƙara rabin juyi har ya dawo ƙasa da 4 da ɗan zane guda, wajen 52 da rabi ke nan. Sannan ya aiki yaronsa ya aro dutsen guga a shagon tela na kusa, ya jona. Injin ya yi nishi, zanen ya miƙe ya wuce gida 4, gwamna ya buɗe mai, ya dawo ya zauna kan layi na huɗu daidai. Ya cire dutsen, ya sake jonawa, ya yi haka sau uku yana kallo. Da ya gamsu sai ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko wata 'yar kwalbar jan farce, ya ɗiga a kan kusar gwamnan ya bari ya bushe.

Ya ce, "In ka ga jan nan ya tsage, wani ya taɓa. Ka dawo da shi mu sake ƙirgawa."